Wasiyya gaban alƙali: abin da ke samun gado in an kai ƙara

(Jawabin da aka yi ga taron ƙungiyar ƴan garinmu. An buga shi nan domin waɗanda ke wajen bida ba su samu halarta ba. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.)

 

 An ce in yi magana bisa wasiyya, da abin da ke faruwa ga dukiyar mamaci in wani cikin magada ya ce bai yarda ba, ya kai ƙara. Malamai na zaune, in na karkace sai su miƙe ni.

Mu fara da tsarin da malamanmu na mazhabar Malikiyya suka karantar, wanda ke cikin Risala da Muhtasar na Halilu. In mutum ya rasu, abin da ya bari ba duka ne gado ba. Da farko a fidda kuɗin likkafani da jana'iza. Na biyu a biya bashi. Na uku a fidda wasiyya. Abin da ya saura, shi ne ake raba ma magada. Ita kuwa wasiyya an yi mata shinge biyu: ba ta wuce sulusin dukiya, wato kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yin ta ga wanda ke da rabo cikin gadon, sai fa in sauran magada sun yarda. Duk rigimar wasiyya da za ku ji, ko dai bisa shingayen nan biyu take, ko bisa tambaya guda: shin ma ya yi wasiyyar?

To, mine ne gwamnati ta ce? Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda da ya tsara gado ga kowa. Tun dokar 16 ga Maris 1962, wadda aka sake cikin 2004, aka kuma sake cikin 2018, abin da aka ɗora ma alƙali shi ne ya bi al'adar masu shari'a cikin zancen aure, da saki, da gado, da kyauta, da wasiyya. In al'adun masu shari'ar sun bambanta, ta mamacin ake bi ga gado da wasiyya. Shi ya sa za ku ga alƙali zaune da mutum biyu masana al'ada, sau da yawa malamai ne. Su shawara suke ba shi, shi ke yanke hukunci. Mu kuwa tunda al'adarmu ta gado ta daɗe da shiga rigar musulunci, lissafin da liman zai yi maka a zaure shi ne mafi yawa za ka sake ji a kotu. Bambancin, na kotu yana da hatimi, kuma yana da tsada.

Kafin kotu akwai mai gari da sarki. Dokar sarauta ta 1993, da wadda ta maye ta cikin 2015, sun ba su ikon sasanta mutane, su rubuta takardar sulhu in an shirya, ko takardar rashin sulhu in an kasa. Su ba su yanke hukunci, sasantawa suke yi. In rigimar ta gona ce, ba a tsallake su a tafi wajen alƙali kai tsaye.

Yanzu bari in kawo misali da lissafi, don magana ta zauna. Ku ɗauka wani mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi. Ya bar mata 2, ɗiya maza 3, ɗiya mace 1. Yana da kuma jika, ɗan babban ɗansa wanda ya rasu tun uban na da rai. Wanga jika ba ya da gado, baffanninsa sun tare shi. Bayan an fidda jana'iza da bashi, dukiya ta tsaya sefa 2.400.000. Sai ga takarda ta fito, cewa tsoho ya yi ma jikan wasiyya da sefa 1.200.000, rabin dukiya ke nan. Ɗaya cikin ɗiyan ya ce ƙarya ne, ya kai ƙara.

In alƙali ya ga wasiyyar ba ta tabbata ba, ta faɗi gaba ɗaya. Mata su ɗauki tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, 300.000, kowace 150.000. Saura 2.100.000 a kasa shi 7, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya: kowane ɗa 600.000, ɗiya 300.000. Jika ya tashi hannu wofi.

In kuwa ta tabbata, ba za a ba jikan rabin ba, za a datse ta ga sulusi, ya karɓi 800.000. Saura 1.600.000. Mata 200.000, kowace 100.000. Kowane ɗa 400.000, ɗiya 200.000. Ku lura, jikan da ba ya da gado ya ninka kowane baffansa. Wannan shi ke tada hankalin mutane, amma haka hukuncin yake.

Ragowar 400.000 da ta haura sulusi tana hannun magada. In duka sun yarda, sai a cika ma jikan. In ɗaya ya yarda sauran suka ƙi, yardarsa bisa rabonsa kaɗai take aiki: ɗan da ya yarda ya fidda 100.000 cikin 400.000 nasa, ba a taɓa na kowa. Babban wa ba ya yarda da bakin ƙannensa, miji ba ya yarda da bakin matarsa, kuma ba mai yarda da bakin maraya ƙarami.

Ga abin da nake so mai niyyar ƙara ya auna. Tsakanin 600.000 da 400.000, abin da yake nema 200.000 ne. In ya ci shari'a, ba shi kaɗai zai kwashe sulusin ba, komawa yake cikin tukunya a raba ma kowa, har da ƴan uwan da suka zauna gida suna zaginsa. Kuɗin mota kuwa, da na tambur, da na ɗauko shaidu da ciyar da su, da na lauya in ya ɗauka, da ranakun kasuwa da ya yi asara, daga aljihunsa suke fita. Wanda ke Abijan ko Legas ko Libiya, zuwa biyu ko uku kaɗai ya isa ya cinye abin da ya zo nema. Ban ce kada a kai ƙara ba. Akwai wasiyyar da aka ƙaga bayan an dawo daga maƙabarta, kuma wanda ya yi shiru gare ta ya taimaki azzalumi. Cewa na yi a yi lissafi tukuna.

Wani tsoro da ke hana mutane magana, musamman mata, shi ne wai wanda ya yi jayayya da wasiyyar ubansa ya faɗi, to ya rasa gadonsa. Babu wannan. Rabon da Allah ya yanka maka ba ya faɗuwa don ka sha kaye gaban alƙali. Haka nan uban da ya ce, ko ya rubuta, "wane na fidda shi daga gadona", maganar fushi ce, ba ta aiki. Abin da ke hana gado sananne ne, kamar kashe wanda za a gada da gangan, ko saɓanin addini. Rashin biyayya zunubi ne babba, amma ba ya cikinsu. In kuma wasiyyar ga ɗaya cikin ɗiyan aka yi ta, a ce ɗan amarya, sauran suka ƙi, abin ya koma cikin gado, shi ma ya karɓi rabonsa kamar kowa.

A nan akwai wata ƙa'ida mai kyau a sani. Ranar mutuwa ake duba ko mutum magaji ne, ba ranar da aka yi wasiyya ba. Mutum ya yi ma ƙanensa wasiyya lokacin ba ya da ɗa namiji, ƙanen magaji ne a sa'an nan. Daga baya aka haifa masa ɗa, ɗan ya tare ƙanen, to wasiyya ta inganta. In kuma abin ya juya, wanda aka yi ma wasiyya ya zama magaji kafin rasuwar, ta lalace.

Mi alƙali ke nema kafin ya ce wasiyya ta tabbata? Shaidu. Maza biyu adilai da suka ji daga bakin mamacin, yana cikin hankalinsa. Ba a karɓar shaidar wanda zai ci moriyar abin, ko ta uba ga ɗansa, ko ta maƙiyi bisa maƙiyinsa. Abin da zai ba wasunku mamaki: a wajen malamanmu, ko an samu takarda cikin akwatin mamaci, da rubutun hannunsa wanda kowa ya shaida, in bai kafa shaidu gare ta ba, bai kuma ce a zartar ba, ba a aiki da ita. Dalili, mai wasiyya na da ikon ya janye ta ko ya sake ta har ranar da zai cika, to wa ya san ko ya rubuta ne yana tunani sa'an nan ya fasa? Ƴan bida da ke aiko saƙon murya ta WhatsApp suna cewa "in na mutu a ba wane kaza", ku ji wannan da kyau. Saƙon na iya taimaka ma alƙali, amma kada ku dogara gare shi. Ku kira mutum biyu cikin ƴan gari da kuke zaune tare, ku faɗa gabansu, a rubuta, su sa hannu.

Inda shari'a ta fi yin tsawo shi ne inda wasiyya ta haɗu da kyauta. Wani ya ce: gonar fadama ba ta cikin gado, baba ya ba ni ita tun yana da rai. Kyauta ba ta da shingen sulusi, kuma ana yin ta ga magaji. Amma sharaɗinta karɓa. In uba ya ce na ba ka, ya ci gaba da nomanta, yana zuba hatsinta cikin rumbunsa har ya rasu, kyautar ta lalace, gona ta koma gado. In kuwa cikin ciwon ajali ya yi kyautar, hukuncin wasiyya take ɗauka: sulusi ga bare, babu ga magaji. Shi ya sa za ku ji alƙali na tambayar abin da kuke gani kamar ba ya da amfani: wa ya shuka gonar bara waccan? Wa ya ba da zakkarta? Ranar da tsoho ya yi maganar, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, ko kwance yake? Tun tsarin dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin ƙasa, waɗanda ake ce ma kofo, da ke ba da takardar kyautar gona. Uban da ya ba da gona da gaske ya je ya yi takardar nan, ya kuma janye hannunsa daga gonar.

Yanzu mu zo ga abin da jira ke yi ma dukiya, don a ganina nan ɓarnar take, ba ga hukuncin ba. Daga ranar da aka shiga kotu, rabo ya tsaya. In an yanke, wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara ga kotu ta gaba. In nan ma bai gamsu ba, sai kotun ƙoli a Yamai. Ita ba ta sake jin shaidu, dubawa take ko an bi doka, in ta ga kuskure ta rushe hukunci ta maida shari'ar a sake. Kowane mataki na da wa'adinsa, don haka ranar da aka yanke maka hukunci, ranar za ka tambayi magatakardan kotu kwana nawa gare ka.

Cikin wanga jira damina ba ta jira. Hatsin rumbu ana ci. Bisashe na mutuwa, ko a ce sun mutu. Ginin laka na zubewa don ba mai yaɓe abin da bai san ko nasa ba ne. Kuɗin da ke banki, ba a taɓa su sai da takardun kotu masu nuna su wane ne magada da wanda taron dangi ya wakilta, to dangin da ke shari'a da juna yaya za su zauna su zaɓi wakili? Marayu da zawarawa su ke shan wuyar wannan, su da ba su kai ƙarar kowa ba. Shi ma mai wasiyya bai tsira ba, don malamanmu sun ce ranar zartarwa ake auna sulusi, ba ranar mutuwa ba. Dukiyar da ta tsaya 2.400.000, in ta rame ta koma 1.800.000, sulusin jika ya sauko daga 800.000 zuwa 600.000, na kowa ma ya sauko.

Sa'an nan ga mutuwa. Magaji ya mallaki rabonsa tun ranar rasuwar, ko ba a ba shi a hannu ba. In ya rasu kafin rabo, nasa magadan su shigo. Ku ɗauki amaryar cikin misalinmu. Ta gama takaba wata 4 da kwana 10, ta yi wani aure a wani gari, shari'a na nan tana tafiya, sai ta rasu. Rabonta ya wuce ga ɗiyanta, da iyayenta, da sabon mijinta, wanda ke da kashi ɗaya cikin huɗu tunda ta bar ɗa. Ga baƙon da bai taɓa gaida tsoho ba ya zama mai haƙƙi cikin gonarsa, kuma da gaskiyarsa. Gadon mutum 6 ya koma na mutum 15, wasu na Damagaram, wasu na Kano, kuma ba a rabo sai an nemo kowa.

Wani abin kuma da mai ƙara ba ya zato: in an buɗe shari'a, ba wasiyya kaɗai ake buɗewa ba. Alƙali zai ce a lissafo magada duka da dukiya duka. Ɗiya mata da aka saba sallama da ɗan kuɗi a ce gona ta maza ce, sunansu zai shiga takarda da rabonsu. Uwargida za ta tuna ragowar sadakinta, da kuɗin da ta ranta ma maigida shekarar fari, da tumakinta da ke cikin garkensa, kuma duk wannan kafin gado ake fidda shi. In ɗaya cikin matan na da ciki, malamanmu sun ce a dakata da rabo sai ta haihu. Shi kansa mai ƙarar, in ya shekara yana noman gonar gado shi kaɗai, za a tambaye shi. Ni ina ganin wannan alheri ne, ko da yake na san akwai waɗanda ba za su gode mani ba.

Ga shawarar da nake ba dangin da suka riga suka shiga. Tunda wasiyya ba ta wuce sulusi sai da yardarku, to gardamarku bisa sulusi take. Kashi biyu cikin uku ba mai jayayya gare su. Ku zauna gaban mai gari da liman, ku ware sulusi ku ba amintacce ajiya, ku raba sauran, a rubuta takardar sulhu a kai ma alƙali ya gani. In wasiyya ta tabbata a ba mai ita abinsa, in ta faɗi a sake kasa sulusin. In gardamar bisa wata gona ce da ake cewa kyauta, a ware ita ma. Ba dalilin da zai sa marayu su kwana da yunwa bisa hatsin da kowa ya yarda nasu ne.

Ƴan uwa na waje, ku kuma kuna da naku. Gida ko shago da mutum ya mallaka a wata ƙasa, kotun can da dokar can za a tarar. A Kwaddibuwa, dokar gado ta 1964, wadda aka sabunta cikin 2019, rabo ɗaya ta ba ɗa da ɗiya. A Gana, dokar 1985 ta tsara rabon dukiyar wanda ya rasu ba wasiyya, ba bisa lissafin malamanmu ba, kuma wasiyyar da dokarsu ta 1971 ta sani ita ce rubutacciya mai shaidu biyu. A Najeriya an yi wata shari'a da ta taso daga Zariya: wani musulmi ya rubuta wasiyya irin ta Ingila, ya fifita wasu ɗiyansa bisa wani. Ɗan da aka tauye ya kai ƙara, babbar kotu ta ba shi gaskiya bisa Malikiyya, amma cikin 1971 kotun ƙoli ta rushe, ta ce wasiyyar ta zauna. Daga baya wasu jihohi, kamar Kaduna da Kwara, suka yi dokar da ta tsame musulmi daga wannan. Kun ga takarda guda na iya tsayawa a wata kotu ta faɗi a wata. Mai dukiya a ƙasa biyu ya tambayi masanin dokar inda dukiyar take tun yana da lafiya.

Kuma kada nisa ya sa ku yi shiru. In an aiko maka sammaci, ko ka ji ana shari'ar gadon gidanku, ka wakilta wani da takarda. Malamai sun ce wanda ya ga bare na cin gonarsa shekara 10, yana nan cikin gari bai ce komi ba, ba a sauraren da'awarsa bayan haka. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo ƙwarai, kuma wanda ba ya nan yana da uzuri. Amma uzurin na littafi ne. Shaidun da suka san iyakar gonar ubanka tsofaffi ne, kowace shekara ana rage su.

Iyayenmu dattawa, ku yi mani gafara in juyo gare ku. Mai jika maraya a gabansa, ko agola da ya yi masa bauta, ko ɗan riƙo, ya sani ba su da gado in akwai mai tare su. Masar ta sa doka tun 1946 da ta wajabta ma irin wanga jika rabo cikin sulusi ko kakan bai faɗa ba. Mu nan ba mu da ita, sai abin da kuka faɗa da bakinku. Ku faɗe shi kuna da lafiya, gaban shaidu biyu waɗanda ba su da komi ciki, kada ya wuce sulusi, a ambaci gonar ko saniyar da sunanta, a rubuta da ajami ko da boko, a ajiye ɗaya wajen liman ɗaya wajen mai gari. In kun sake shawara, ku kira shaidun nan ku gaya masu, a karɓo tsohuwar takarda a yage. Ku faɗi bashin da ake bin ku da wanda kuke bi a zama guda.

Wanda ke da tambaya bisa lissafin da na kawo, malamai na nan har bayan la'asar, ya zo da sunayen magada duka, har da waɗanda suka rasu bayan mamacin. Allah ya jiƙan magabatanmu.